Faifan Taurari: Takarda Biyu da Ƙusa Ɗaya

Tauraron da ya ɓullo daga gabas yau da ƙarfe tara na dare, gobe tara saura minti huɗu zai ɓullo. Jibi ya sake rage wasu huɗun. Ba mai lura da wannan a dare ɗaya ko biyu, amma in wata ya zagayo ya taru ya zama awa biyu, in shekara ta cika ya zama awa 24, sai sama ta koma yadda take da fari. Dalili shi ne duniya tana gama juyi ɗaya a kan kanta cikin awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4, idan da taurari aka auna. Agogo kuwa da rana aka saita shi. Tunda kullum duniya tana ɗan gusawa a hanyarta ta kewaya rana, sai ta ƙara ɗan juyi kafin rana ta dawo inda take jiya. Wannan ɗan ƙarin shi ne minti huɗun.

A kan wannan lissafi kaɗai aka gina wani ɗan kayan aiki da masu sha'awar kallon sama suka daɗe suna yawo da shi a jaka. A shagunan Turai da Amurka sunansa planisphere, a nan kuwa faifan taurari ya wadatar. Faifai biyu ne na kwali ko roba, an ɗora ɗaya a kan ɗaya, an haɗa su da ƙusa a tsakiya. A kan na ƙasa an zana taurarin da ake iya gani a shekara gaba ɗaya, an jera watanni da ranaku a gefensa. Na sama yana rufe na ƙasa, sai dai an yanke masa taga mai ɗan tsawo, an kuma jera awoyin dare da rana a nasa gefen. Ba batir, ba caji, ba ruwansa da sabis.

Saita shi ba ya ɗaukar minti ɗaya. Mutum ya juya faifan har ranar da ake ciki ta zo daidai da awar da yake so. Abin da ya bayyana a cikin tagar shi ne abin da ke sama a lokacin, abin da ya ɓuya kuma yana ƙarƙashin ƙasa, bai fito ba ko ya riga ya faɗi. Gefen tagar shi ne inda sama ta taɓa ƙasa, wanda malamai ke kira ufuƙi. Wanda ya saita 25 ga Janairu da ƙarfe tara na dare, in ya dubi gefen faifan da kyau zai ga wani abu da bai nema ba: 25 ga Disamba ta zauna a kan sha ɗaya na dare, 25 ga Fabrairu a kan bakwai na yamma, 25 ga Oktoba a kan ukun dare. Wato sama iri ɗaya ce a duk lokutan huɗu. Darasin da malamin kimiyya zai ɓata rabin awa yana zanawa a allo, faifan ya bayar da shi a kallo ɗaya.

Wurin riƙewa ne sabon hannu ke fara rikicewa. In aka shimfiɗa faifan a kan tebur, arewa a sama, sai a ga gabas ta koma hagu, yamma ta koma dama, saɓanin taswirar ƙasa da aka saba da ita a makaranta. Ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Taswirar ƙasa ana sunkuyawa a dube ta, ta sama kuwa ɗaga kai ake yi, don haka sai an ɗaga faifan bisa kai sannan kusurwoyin ke komawa mazauninsu. Hannu yana saurin gajiya da haka, shi ya sa gwanaye ke riƙe shi a gabansu, su juya shi har sunan kusurwar da suka fuskanta ya koma ƙasa. Mai kallon kudu ya sa kudu a ƙasa, mai kallon gabas ya sa gabas. Rikici na biyu shi ne ɗaukar ƙusar a matsayin tsakar ka. Tsakar ka tana tsakiyar taga ne. Ƙusar kuwa tana wakiltar wurin nan na arewa da dukan taurari ke kewayawa, inda Tauraron Arewa, Polaris, yake tsaye kusan ba motsi.

Daren farko bai kamata a nemi sanin komai ba. Rukunonin taurari 88 ne a hukumance, tun da ƙungiyar masana taurari ta duniya ta amince da jerinsu a 1922, aka kuma buga iyakokinsu a 1930 bisa aikin Eugène Delporte, ɗan ƙasar Beljiyam. Guda 48 daga tsohon jerin Baɗlamus na Iskandariya suka samo asali, tun ƙarni na biyu. Amma wanda ya riƙe biyar ko shida ya sami ƙofar sauran. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne girman ɗigo a kan faifai hasken tauraro yake nunawa, ba girmansa ba, kuma layukan da suka haɗa ɗigogin babu su a sama, masu zane ne suka ja su don ido ya sami abin kamawa.

Mafi sauƙin mafari shi ne Orion, wanda littattafan Larabci ke kira Jabbar. A ƙarshen Janairu, wajen ƙarfe tara zuwa tara da rabi na dare, yana can sama ta ɓangaren kudu. Alamarsa taurari uku ne a jere, tazararsu kusan ɗaya, manya huɗu sun kewaye su. Biyu daga cikin huɗun sun fi fice: Betelgeuse mai ɗan ja, da Rigel mai fari da shuɗi-shuɗi. Daga nan sai tsallake. In aka bi layin ukun nan ta ɓangaren gabas aka ɗan gangara kudu, za a faɗa kan tauraron da ya fi kowane haske a daren duniya, Sirius, wato Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi. Haskensa shekara takwas da 'yan watanni yake yi a hanya kafin ya iso. In aka bi layin ta ɗaya ɓangaren, za a tarar da Dabaran, jan tauraro a cikin rukunin Sa, gaba kaɗan kuma ga wani ɗan cincirindo da kowace tsohuwa ta sani: Kaza da 'Ya'yanta, Surayya a bakin malamai, Pleiades a kan faifai. Ido mai lafiya yana ƙirga shida ko bakwai a ciki. Hasken nasu ya haura shekara 400 a hanya. Rukuni uku ke nan, in aka haɗa da na Shi'ira, da cincirindo ɗaya, daga taurari uku kawai, kuma duk tsallen da aka yi ana iya komawa faifai a tabbatar.

Tunanin ba sabo ba ne. Kakan faifan shi ne usturlabi, na'urar tagulla da masanan ƙasashen Musulmi suka gyara suka ƙawata, suna gane lokutan salla da tsayin taurari da ita. Mafi tsufa da ya rage mai ɗauke da shekarar ƙira shi ne wanda wani maƙeri da ake kira Nastulus ya yi wajen 927, yana ajiye a Kuwaiti yanzu. A birnin Halab, zamanin Saifud Daula, har mace aka yi da ta shahara da wannan sana'a, al-Ijliyya, kamar yadda Ibnun Nadim ya ambata. A ƙarnin ne kuma, wajen 964, Abdurrahman al-Sufi ya rubuta littafinsa kan siffofin taurari, inda ya zana kowane rukuni sau biyu, ɗaya yadda ake ganinsa a sama, ɗaya yadda yake a kan ƙwallon taswira, saboda ya san rikicin hagu da dama da aka ambata ɗazu. Taswirar takarda ta farko da ta ɗauki sunan da ake kiran faifan da shi yanzu, ana jingina ta ga Jacob Bartsch a 1624, wanda daga baya ya auri 'yar Johannes Kepler. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin George Philip na Landan ya mai da shi kayan kanti.

Sai dai a hanyar sauƙaƙawa an yar da wani abu mai muhimmanci. Usturlabi yana zuwa da faranti da dama a cikinsa, kowane an zana shi don wani gari ko yanki. Matafiyin da ya bar Bagadaza ya nufi Makka sai ya zare farantin ya sa wani. Faifan kwali taga ɗaya gare shi, an yanke ta don wuri ɗaya, kuma nan ne mafi yawan masu saye ke yin asarar kuɗinsu.

Ga yadda abin yake. Tsayin Tauraron Arewa daga ufuƙi daidai yake da nisan wuri daga ikwaita, layin da ya raba duniya biyu. Landan tana kan digiri 51 da rabi, don haka can tauraron ya haura rabin hanya zuwa tsakar ka. Kano tana kan digiri 12, Damagaram kusan 14, Agadas wajen 17, Abuja 9. In mutum ya miƙe hannu ya dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, wato a Kano Tauraron Arewa bai wuce dunƙule ɗaya da ɗan ɗoriya daga ƙasa ba. Gini ko bishiyar darbejiya ta isa ta ɓoye shi. Taurari bakwai ɗin nan da Larabawa ke kira Banatu Na'ash, waɗanda biyu na gabansu ke nuna Tauraron Arewa in aka ninka tazararsu sau biyar, a Landan ba sa faɗuwa ko kaɗan, kewaya kawai suke yi dare da rana. A Kano suna fitowa suna faɗuwa kamar sauran. Wanda ya riƙe faifan Ingila a Kano da farkon dare a watan Nuwamba, faifan zai ce masa ga su can ƙasa-ƙasa a arewa, shi kuwa ko ɗaya ba zai gani ba.

Ta kudu kuma asarar ta fi yawa, domin can ne arzikin yake. Mutumin Landan ba ya ganin abin da ya wuce digiri 38 da rabi kudu da ikwaitan sama, wato layin da ya raba sama biyu daidai bisa ikwaitan ƙasa. Mutumin Kano yana gani har digiri 78. Suhailu, Canopus, tauraro na biyu a haske bayan Shi'ira, bai taɓa leƙowa a Ingila ba, amma a Kano a daren Fabrairu yana hawa har digiri 25, can ƙasa da Shi'ira. Rukunin Crux, taurari huɗun nan da ke kan tutocin Ostireliya da Niyu Zilan, wanda wasu ke zaton sai an tsallaka ikwaita ake ganinsa, yana tsaye a kudu wajen digiri 18 daga ufuƙi a tsakiyar Mayu da misalin ƙarfe tara da rabi. Faifan da aka yi don Ingila ko dai bai zana su ba sam, ko ya bar su a bayan murfi har abada. Don haka abin da za a fara dubawa a jikin faifai, kafin farashi, shi ne lambar digirin da aka rubuta. Bambancin digiri biyar ba ya ɓata komai. Na arba'in kuwa sama ce ta wasu mutane daban.

Ko an sami wanda ya dace, akwai lahani ɗaya da ba ya gyaruwa gaba ɗaya. Sama kamar ƙwarya ce da aka kife, kuma duk wanda ya ce zai danne ƙwarya ta kwanta shimfiɗe, sai bakinta ya tsattsage. Masu zane ba sa bari ta tsage, sai su ja gefen su miƙar da shi. A tsarin da aka fi amfani da shi, taurarin da ke kusa da ƙusa suna fitowa da siffarsu ta gaskiya, waɗanda ke kan ikwaitan sama, irin su Orion, faɗinsu yana ƙaruwa da kusan rabi, na can kudu irin su Crux kuwa ana ja su gefe da gefe har ninki biyar. Wanda ya saba da siffar faifai zai iya kallon Crux ido da ido bai gane shi ba. Matsalar ta fi tsanani ga mazauna kusa da ikwaita, saboda su ne tagarsu ta fi faɗi. Maganin da wani malamin kimiyya ɗan Amurka, David Chandler, ya fito da shi shi ne faifai mai fuska biyu: in aka fuskanci arewa a duba gaba, in aka juya kudu a kife shi a duba baya, inda aka zana taurarin kudu ba tare da an ja su sosai ba. Ga mai zaune a ƙasa da digiri 20, wannan ba ƙawa ba ce, shi ne faifan da ya cancanci saye.

Agogo ma yana da tasa. Awoyin da ke kan faifai na ainihin wurin da mutum yake tsaye ne, agogon hannu kuwa na ƙasa baki ɗaya ne. Nijeriya da Nijar suna bin lokacin da aka auna daga layin digiri 15 gabas, wanda ya ratsa kusa da Injamena. Kowane digiri ɗaya yamma da layin minti huɗu ne. Maiduguri ta yi baya da kusan minti bakwai, Kano da 26, Sakkwato da kusan 40. Duk wanda ya taɓa lura da yadda mutanen Borno ke riga Sakkwatawa shan ruwa da azumi ya san wannan a aikace. In agogo ya ce ƙarfe tara a Sakkwato, takwas da minti ashirin za a saita faifai. Ga mai neman rukuni a tsakiyar sama wannan ba wani abu ba ne, sai ga mai jiran fitowar tauraro a ufuƙi.

Wata ba ya kan faifai, haka ma duniyoyin da ke kewaya rana, domin ba sa zama wuri ɗaya. Wannan kan jawo ruɗani mai ban dariya: mutum ya ga haske mafi ƙarfi a sama, ya juya faifai ya sake juyawa, ya rasa shi, ya yanke hukuncin cewa faifan jabu ne. Galibi Zuhura ce, wadda ake kira Zara matar wata in ta fito da yamma, Gamzaki in ta fito da asuba, ko kuma Mushtari. Hanyar ganewa biyu ce. Haskensu a tsaye yake, ba ya kyafta kamar na taurari, sannan kullum suna kusa da wani layi da aka zana a faifan, wanda shi ne hanyar rana ta cikin buruji. Baƙon haske a kan wannan layi kusan kullum duniya ce.

Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe sosai, kuma farin haske na daƙiƙa kaɗan yana rushe wannan. Shi ya sa ake karanta faifai da jan haske maras ƙarfi. Jar leda da aka ɗaure a bakin tocila ta isa. Daren da wata ya cika ba daren koyo ba ne, haka ma daren da hazon hunturu ya sauka, domin ƙura tana fara cinye taurarin ƙasa-ƙasa, kuma su Suhailu da Tauraron Arewa can suke. Game da hasken lantarki, wani babban nazari da aka buga a 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar nan da ke ratsa sama, Majarra, daga inda suke zaune, ciki har da kusan kashi 80 cikin ɗari na mazauna Arewacin Amurka. Nazarin ya sa Chadi cikin ƙasashen da samansu ya fi kowane tsabta. Ba abin alfahari ba ne gaba ɗaya, tunda rashin wuta ne ya kawo shi, amma abin da wasu ke biyan kuɗin jirgi su je su gani, makiyayi a Sahel yana kwana a ƙarƙashinsa.

Tambayar da kowa zai yi ita ce, me ya rage wa kwali a zamanin waya? Manhajoji irin su Stellarium, wadda kyauta ce, suna nuna wata da duniyoyi, suna gyara kansu ga kowane gari, ba sa jan gefen sama. Ta fuskar daidaito sun yi wa faifai fintinkau, babu gardama. Amma wanda ya ɗaga waya ta faɗa masa sunan tauraro, suna kawai ya samu, kuma gobe sai ya sake tambaya. Wanda ya juya faifai da yatsansa yana ganin taurari suna shigowa ta gabas suna ficewa ta yamma, yana ganin waɗanda ba sa barin taga, yana ganin dalilin da ya sa ba a haɗa Orion da rukunin Kunama a tsakiyar sama lokaci ɗaya. Ana kuma iya yi masa tambaya ta baya. A kai Kaza da 'Ya'yanta bakin taga ta gabas, sai a karanta a gefe awar da take fitowa a kowace rana ta shekara. Nan take za a ga cewa a watan Mayu tare da rana take fitowa take faɗuwa, shi ya sa take ɓacewa makonni, sai cikin Yuni ta sake leƙowa gabanin asuba, daidai lokacin da manomi ke zuba wa gajimare ido.

Irin wannan lissafi ba baƙo ba ne a zaurukan malamai. Kalandar manzilolin wata 28, kowace kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, wanda ya ba da 365, ta shigo ƙasar Hausa ta littattafan Larabci, har aka tsara ta a waƙoƙin Hausa don sauƙin hadda, kamar yadda Mervyn Hiskett ya yi nazari a 1967. Surayya da Dabaran duk suna cikin jerin. Dalilin da ya sa wannan kalanda ke bin shekarar rana shi ne dalilin da ya sa ba a rubuta watannin Hijira a gefen faifai: shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka Ramadan na bana da na shekara goma masu zuwa ba sama ɗaya za su tarar ba.

Wanda bai sami faifan yankinsa a kasuwa ba yana iya haɗa nasa. Masanin taurari Dominic Ford na Birtaniya ya saka zanen faifai kyauta a intanet don wurare daban-daban. A zaɓi mafi kusa da digirin garin da ake, a buga, a manna a kwali, a yanke taga, a haɗa da ƙusar fayil. Malamin firamare zai iya yi wa aji guda da kuɗin kwafin takarda. Ba ya tsufa da wuri kuma. Gaskiya ne sandar da duniya ke juyawa a kai tana lilo a hankali, zagaye ɗaya cikin kusan shekara 26,000, har ma zamanin da ake gina dalar Masar wani tauraro ne daban, Thuban, ke tsaye a arewa. Amma gusawar digiri ɗaya ce kacal a shekara 72, kwalin zai riga lissafin lalacewa.

Amfaninsa na ƙarshe ya shafi damina. Kunama, Aƙrab a littattafai, tana cikin rukunonin da suka fi kama da sunansu, ga jan tauraro Antares a ƙirjinta, ga wutsiya a lanƙwashe. A Landan Antares bai wuce digiri 12 daga ufuƙi ba, wani ɓangaren wutsiyar kuma ba ya fitowa. A Kano yana hawa sama da digiri 50, kunamar ta fito cikakkiya. Matsalar ita ce lokacinta na farkon dare Yuli ne, sa'ad da hadari ke rufe sama. Sai a juya faifai a tsayar da ita a kudu, a bi gefe ana neman wata rana. Tsakiyar Maris za ta faɗa a kan ƙarfe biyar na asuba, wato wajen biyar da rabi a agogon Kano, lokacin da babu gajimare kuma mutane sun riga sun tashi.